Kafin ka biya kuɗin manhajar zane mai ƙirƙirarriyar basira

Mai zanen bangon littafi ko fasta da ke neman manhajar da za ta taimaka masa da ƙirƙirarriyar basira ya kamata ya fara duba abu ɗaya: shin za ta bar shi ya gyara wani ɓangare na hoton ba tare da ta rushe sauran ba? A wannan fanni, a ganina, Firefly na kamfanin Adobe, wanda ya fito a watan Maris na 2023, ya yi wa sauran fintinkau. Yana aiki a cikin Photoshop, don haka idan aska takwas ɗin babbar riga ta fito a karkace, sai ka zagaye wurin kaɗai, ka rubuta abin da kake so, fuska da hula su tsaya yadda ka bar su. Na taɓa asarar aikin wani marubuci saboda wata manhaja da ke sauya fuskar jarumar duk lokacin da na nemi ta gyara ɗankwali, shi ya sa nake ba wannan muhimmanci haka. Ƙari a kan haka, Adobe ya ce hotunan taskarsa da waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare ya horar da Firefly da su, abin da ke kwantar wa mai sayar da aikinsa hankali.

Midjourney na fitar da hoto mai ɗaukar ido, amma sai ka biya aƙalla dala 10 a wata. Stable Diffusion kyauta ne, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya maka masu shi a kotu a 2023.

Inda hatsarin ya fi yawa shi ne wajen saye. 'Yan damfara na tallata “asusun haɗaka” a WhatsApp da araha, ka tura kuɗi, bayan 'yan kwanaki su canza lambar sirri su toshe ka. Wasu kuma shafukan bogi suke buɗewa. A 2024 masu binciken tsaro na Bitdefender sun bankaɗo wani shafin Facebook da ya ari sunan Midjourney, mai mabiya sama da miliyan ɗaya, yana raba manhajar satar bayanai. Duk wanda ya turo maka fayil ya ce ka sauke a kwamfutarka, ko ya nemi lambar da aka turo wayarka, ka rabu da shi, ka biya a shafin kamfanin da kanka.