Yawon bin sawun Jamusawan Nelson: abin da na biya da abin da na samu

Duk masaukin da ka sauka a garin Nelson, can arewacin Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, za ka tarar da takardun tallan yawon buɗe ido birjik a bakin ƙofa, kuma kusan dukkansu haja biyu suke tallatawa: bakin teku da gonakin inabi. A cikinsu akwai na wata dattijuwa mai ƙaramar bas, wadda ke ɗaukar mutane kaɗan ta yini da su a wuraren da Jamusawa suka zauna tun 1843. Nata na shiga. Kuɗin da nauyi, abincin bai dace da Musulmi ba, kuma akwai babban giɓi a labarin da take bayarwa. Duk da haka, wanda ya tambaye ni zan ce masa ya je, kuma ga dalilaina.

Ni aikin hanya na sani. Na daɗe ina tsayawa a kan leburori wajen haƙar lambatu da zuba kwalbati, wani kwas ne ma na wannan fanni ya kai ni ƙasar. Abin da ya ja ni ga takardar dattijuwar nan layi ɗaya ne, inda ta rubuta cewa za ta nuna hanyoyi da magudanan ruwan da baƙin farko suka haƙa da hannu. Ban ga wani mai yawon da ya ambaci lebura ba sai ita.

Wajen tsari ba ta da abin zargi. Na tura mata saƙo, ta amsa a ranar, ta zo ƙofar masauki a kan lokaci. Motar tsaf take, da wurin miƙe ƙafa. Ba ta amfani da lasifika, amma muryarta na kaiwa kujerar baya, kuma da ta lura Turancin mutanen ƙasar yana yi mini sauri sai ta sassauta harshe ba tare da na roƙa ba. Tana da wani kundi mai ɗauke da kwafin tsofaffin taswirori da jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Ta nuna mana sunan kakan kakanta a ciki.

Zangon farko shi ne tudun da babban cocin garin yake, a ƙarshen titin Trafalgar. Daga nan ta shimfiɗa tushen maganar, kuma ta iya shimfiɗawa. Wani kamfani ne na 'yan kasuwar Landan, Kamfanin Niyu Zilan, ya kafa Nelson a 1841 zuwa 1842 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Wakefield. Dabarar kamfanin ita ce ya sayar wa masu kuɗi fili tun suna Ingila, eka 201 a kan fam 300: eka ɗaya a cikin gari, 50 a bayan gari, 150 a karkara. Da kuɗin sai a yi jigilar talakawa kyauta su zo su yi wa masu filin ƙwadago. Amma da yawa daga masu sayen ba su taɓa barin Ingila ba, jira suke fili ya yi daraja su sayar, kuma ƙasar noman da ke kewaye da Nelson ba ta kai yawan da aka yi alkawari ba. Leburori suka cika gari, masu ɗaukarsu aiki babu. Tun da kamfanin ya riga ya yi alkawarin ba da aiki ga duk wanda ya rasa, dole ya zuba su a aikin hanya da yanke magudanai a fadamu, yana biyansu daga aljihunsa.

Cikin wannan hali jirgin St Pauli ya iso daga Hamburg ta Jamus ranar 14 ga Yuni 1843, da Jamusawa kusan 140. Sun bar gida a ƙarshen Disambar 1842, suka yada zango a Bahia ta Barazil. Asalin shirin ma tsibiran Chatham za a kai su, Birtaniya ta ce ba ta yarda ba, aka karkato da su nan. Wakilin da ya jagorance su, John Beit, ya gasa musu aya a hannu a kan teku: rage abinci, cin tara, wulaƙanci. Sannan Yuni a can tsakiyar hunturu ne, ga sanyi ga ruwan sama. Kwana uku da saukarsu, ranar 17 ga wata, aka yi artabu kan rikicin fili a kwarin Wairau, gabas da Nelson, tsakanin Turawa da Maori, 'yan asalin ƙasar, aka kashe Turawa 22 har da shi Wakefield ɗin, da Maori aƙalla 4. Tudun da muke tsaye a kai, nan mutanen gari suka yi ganuwa don tsoro. Mutum ya shafe kusan wata shida a ruwa, bai jin harshen gari, ya sauka, kwana uku sai ga shugaban garin ya mutu, kowa na haƙa ramin tsaro.

Daga nan muka kama hanyar Moutere. Ta wuce da mu ta Richmond da Hope ba ta tsaya ba, ta ce sai a dawowa, don kada labari ya zo a birkice. Wannan ya ci mai da lokaci, amma ta yi daidai.

A kwarin Moutere ne na ci kuɗina. Nan wani ɓangare na mutanen St Pauli suka kafa ƙauyen da suka sa wa St Paulidorf, a filin da aka ba su a ƙasan kwari, kamfani kuma ya ba mazansu aikin hanya. Yau ba gida ko ɗaya, sai makiyaya da shinge. Ta tsayar da mota a gefen gonar wani ɗan'uwanta, ta buɗe baya ta fito da tsohon shebur, ta kai mu bakin wata magudana ta ce kowa ya gwada. Sauran suka ɗan taɓa suka miƙa. Ni na tsaya. Ƙasar yumɓu ce rawaya, cakuɗe da duwatsu mulmulallu, wasu kamar ƙwai wasu sun fi dunƙulen hannu. Ka taka shebur ya shiga ɗan yatsa biyu ya ci karo da dutse. Ka kauce ka samu ya nutse, sai yumɓun ya riƙe bakinsa, ka ɗago da ƙyar, kuma abin da ka ɗebo ba ya zubewa sai ka kankare da takalmi. Kafin in gama ɗan ramin da bai kai gwiwa ba ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Irin wannan ƙasa, ko yau da katafila, mai kwangila sai ya ƙara farashi. Su kuwa diga da shebur da baro ne kayan aikinsu, cikin fadama mai cike da harakeke, wata ciyawa mai dogon ganye da saiwa mai taurin kai.

Da na dubi yadda kwarin ya kwanta, tuddai na zubo masa ruwa ta kowane gefe, ban buƙaci a gaya mini ƙarshen ƙauyen ba. Ambaliya ta yi ta cinye shukarsu, a 1844 suka watse. Duk safiyon da ya san aikinsa zai ga haka tun ran farko. Na faɗa mata, ta ce ai filayen kirki an riga an rubuta su da sunan mutanen da ke zaune a Ingila.

Sai kuma abin da ya fi taɓa ni. A 1844 kuɗin kamfanin ya ƙare a Landan, labari ya iso Nelson bayan watanni, aka dakatar da ayyuka, aka sallami leburori. Ba Jamusawa kaɗai ba, har Ingilishi, ɗaruruwan magidanta da ba su da wata hanyar abinci sai wannan lada. Mutane suka koma tono irin dankalin da suka shuka suna ci, suna haɗawa da ganyayen daji. Ta faɗi wannan a tsaye a bakin hanya, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma yi sauri ta wuce ba. Na taɓa tsayawa gaban leburori ranar biya in gaya musu kuɗi bai fito ba. Na san shirun da ke biyo baya, na san yadda magidanci ke juya hularsa a hannu yana lissafin abin da zai faɗa a gida. Namu aƙalla suna da ƙauyen komawa da dangin da za su ranta musu hatsi. Waɗannan tsakaninsu da danginsu tafiyar rabin shekara ce. Shi ya sa da yawansu suka tattara suka haye Ostireliya ta Kudu, wajen Adelaide, inda Jamusawa suka riga suka kafu.

Waɗanda suka rage sun koma kan tudu daga baya suka kafa Sarau, wanda yanzu ake kira Upper Moutere. An sauya sunan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda ƙyamar duk abin da ya shafi Jamus. Mun shiga harabar cocin Lutheran na St Paul, ginin katako na 1905, muka zaga maƙabartar da ke gefensa inda tsofaffin duwatsun ke ɗauke da rubutun Jamusanci. Ta nuna mana masaukin Moutere Inn daga waje, wanda Cordt Bensemann, ɗaya daga mutanen St Pauli, ya kafa a 1850.

A nan ne kuma yinin ya yi rauni. Tun wajen yin rajista na rubuta mata cewa ba na cin naman alade, ba na shan giya. Da ta buɗe kwandon abincin rana, burodi ne da cuku da tsiran alade irin na Jamusawa, duk a faranti guda suna gogar juna. Ta ba da haƙuri da gaske, ta ce ta sha'afa, ta wanke wuƙa ta yanka mini sabon burodi da cukun da ba a buɗe ba, ta ƙara da tuffa. Na ci, amma wanda ya biya kuɗin da ya haɗa da abinci bai kamata ya yini a kan burodi da tuffa ba. Bayan haka aka shiga wata gonar inabi ɗanɗanon giya, aka daɗe. Kuɗin wannan ma yana cikin abin da na biya, ba ta kuma da wani farashi dabam ga wanda ba ya sha. Abin da zan yaba shi ne da na ce zan yi sallar azahar, ta ba ni ruwa a gora da bargo mai tsabta, ta duba wayarta ta taya ni neman alƙibla, ba tambaya ba kallon mamaki.

A dawowa muka tsaya Hope, wanda a da ake kira Ranzau. Har yanzu akwai titi da makarantar firamare masu wannan suna. Nan mutanen jirgi na biyu, Skjold, suka zauna. Sun iso ranar 1 ga Satumba 1844, daidai lokacin da gari ke cikin yunwa, yawancinsu 'yan ƙwadagon gona marasa fili daga yankin Mecklenburg na arewacin Jamus. Bambancinsu da na farko shi ne wani basarake, Kuno zu Rantzau, ya ɗauki nauyinsu, ya sayi fili a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Waimea, ya turo 'yan'uwa biyu, Carl da Fedor Kelling, su kula da aikin. Suna da ƙasa mai kyau, da kayan aiki, da mai biyansu wanda ba kamfani ba. Su ma wasunsu sun tafi Ostireliya, amma ƙauyen ya tsaya da ƙafarsa, har Fedor Kelling ya shiga majalisar dokokin ƙasa a 1860. Ta bar mu muka kwatanta ƙauyukan biyu da idonmu, kuma tsarin tafiyar tata ne ya sa kwatancin ya fito.

Giɓin da na ambata tun farko ya fi maganar abinci girma. Duk yinin, Maori sun shigo labarinta ne sau ɗaya, a matsayin waɗanda aka ji tsoro bayan Wairau. Ba ta faɗi cewa shugabannin Maori Te Rauparaha da Te Rangihaeata sun riga sun ce ba su sayar da Wairau ba, ko cewa Gwamna FitzRoy da ya bincika a 1844 ya ɗora laifin a kan Turawan Nelson. Ba ta faɗi cewa dankali da kifin da Maori ke kawowa kasuwa na cikin abin da ya riƙe garin a shekarun farko ba. Ba ta kuma taɓo alkawarin da aka yi wa masu ƙasar, ƙabilun Maori na Ngati Rarua da Te Atiawa da Ngati Tama da Ngati Koata, na ware musu kashi ɗaya cikin goma na filayen, alkawarin da ba a cika ba, har Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a 2017 cewa akwai amanar da ke wuyan gwamnati. Da na tambaye ta, sai na ga ta san duk wannan, ta amsa dalla-dalla. Ta ce tana ganin ba huruminta ba ne ta ba da labarin wasu. Na fahimci kunyarta, amma ban yarda da ita ba. Hanyar da kakanninta suka haƙa a kan ƙasar wasu ta bi, kuma baƙon da bai san ya yi tambaya ba zai koma gida da rabin magana. Wahalar leburan Jamus ba ta raguwa don an faɗi ta wanda aka karɓe wa fili.

Wanda zai je, ya tuna mata maganar abinci kwana ɗaya kafin tafiya, ko ya riƙo guzurinsa. Ya nemi ta cire masa kuɗin gonar inabi tun kafin ya biya. Ni sai bayan an gama na yi maganar, ta ce za ta duba yiwuwar hakan ga masu zuwa. Ya sa takalmin da ba ya tsoron laka, da rigar ruwa ko da gari ya waye garau. Masu ƙananan yara su haƙura, tsayuwar da sauraron suna da yawa. Kuma tun a kan tudun coci, kafin mota ta tashi, ya tambaye ta labarin Wairau da na kashi ɗaya cikin goma.