Wata huɗu da motar sulke: igwar da na raina a Bolt Action

Yayana ne ya zo mini da littafin dokokin Bolt Action, wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, daga Ingila, bugu na biyu na 2016, haɗe da sojojin roba masu tsawon milimita 28 da motar sulken Jamus ƙirar Sd.Kfz. 222. Tun daga nan duk Asabar bayan la'asar muna zaure a Hotoro, mun shimfiɗa filawud mai ƙafa shida da huɗu a kan benci biyu. Gidaje na kwali, bishiyoyi na soso. Dayis kuwa irin na ludo ne, sai dai da yawa.

Abin da ya fara ba ni haushi ita ce igwa mai sarrafa kanta da ke kan motar. A Yaƙin Duniya na Biyu wannan igwa mai bakin milimita 20 tana iya aman harsashi 280 a minti guda, amma a kan tebur, a dokokin wannan bugun, dayis biyu kacal ake jefa mata, alhali mashinga tana da biyar. Ranar farko na auna wata tawagar sojan ƙafa ta ƙanina, mutum goma cif, na saki wuta. Harbi ɗaya ya kauce, ɗaya ya samu. Muka ɗora faifan da ke nuna iyakar fashewar harsashi, mai faɗin inci ɗaya, ya taɓa mutum biyu, ƙanina ya ce sojojinsa sun kwanta, don haka lissafi ya rabu biyu ya koma ɗaya. Ɗayan ma bai mutu ba.

"Yaya, wannan ce igwar da ka cika mu da labarinta?" in ji shi, yana dariya har da riƙe ciki.

Sai da na sha kashi sau uku sannan na gane laifin nawa ne. Ba don kisa aka yi ta ba, don firgitarwa ce. Harbin da ya samu yana ɗora wa tawaga alamar firgici ɗaya ko biyu, mashinga kuwa ɗaya take bayarwa ko ta kashe mutum nawa. Kowace alama tana rage musu saiti, kuma sai sun ci gwajin ƙarfin hali kafin su bi umarni. Ga nisa: tana kai inci 48, mashinga ta tsaya a 36. Yanzu ina laɓewa bayan gidan kwali, in hana tawagarsa ɗaga kai, nawa sojojin su zagaya ta gefe. In kuma ya kuskura ya fito da babbar mota ko motar sulke, nan ne ƙarin maki biyu na huda ƙarfe da doka ta ba igwar ke aiki. Tankar yaƙi dai a bar ta, sai an yi sa'a ƙwarai.

Daga baya na tuna ma cewa gidan harsashin igwar ta gaske goma yake ɗauka, ba jigida gare ta ba. Dayis biyun ashe ba rowa ba ce.

Mun gwada ba ta dayis huɗu da kanmu. Cikin wasa biyu kowa ya daina fito da sojan ƙafa, tebur ya cika da motoci, muka mayar da dokar yadda take. Ƙanina dai yanzu baza sojojinsa yake yi, inci ɗaya tsakanin kowane biyu, har da awo da rula, kuma ya daina dariyar.