Faifan LED mai wat 24 a fankar silin: haske ya ƙaru, amma da sharaɗi

Yawancin fankokin silin masu fitila da ake sayarwa a Kasuwar Wuse da Dei-Dei a Abuja iska suke bayarwa sosai, haskensu kuwa sai ka ce aci-balbal. Abin da mutane suka saba yi shi ne su sayo ƙwai mafi girma su ɗaura. Sau da yawa ƙwan ba ya shiga cikin kwanon gilashin, in ma ya shiga zafi ya kashe shi da wuri, domin LED ba ta son wurin da iska ba ta ratsawa. Shi ya sa faifan LED mai zagaye, wanda ake mannawa da maganaɗisu, ya fi dacewa da wannan aikin.

Faifan yana zuwa da ɗan akwatinsa mai daidaita masa wuta da ake kira direba, da maganaɗisu uku ko huɗu a bayansa. Mai kyau a cikin masu wat 24 yana ba da lumen wajen 2,000 zuwa 2,400. Don kwatance, ƙwan LED mai wat 9 lumen kusan 800 yake bayarwa, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Lumen ɗin za a duba a jikin kwali, shi ne ma'aunin haske. Wat cin wuta kawai yake nunawa. Kwalin da bai rubuta lumen ba a ajiye wa mai shago kayansa.

Akwai wata dabara ta 'yan kasuwa a kan masu launi uku. Za a ga an rubuta 24W×2, a ce maka wat 48 ne. Rabin ƙwayoyin farare ne, rabi rawaya, kuma a kowane launi hasken bai wuce na wat 24 ba. Ga shi launin yana canjawa ne da kashewa da kunnawa, to duk lokacin da wutar AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ta ɗan ƙifta ko aka juya zuwa janareta, sai falo ya koma rawaya da kansa. Mai launi ɗaya, fari mai lamba 6500K, ya fi kwanciyar hankali, kuma ido ya fi ganinsa da haske. Ɗakin kwana ne kawai mai rawaya, 3000K, ya fi daɗi.

Ɗaurawa ba ta cin rabin awa. A kashe wuta daga babban makunni na gida, kada a tsaya ga na bango, sannan a taɓa wayoyin da testa. A cire gilashin, a auna faɗin cikin kwanon kafin a je kasuwa, don faifan ya samu ratar akalla santimita ɗaya ta kowane gefe. A cire tsohuwar fitilar tare da direbanta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa sabon faifai da tsohuwar direba: ko dai hasken ya fito a dushe, ko ƙwayoyin su ƙone. Wayoyi biyu masu shigar da wuta cikin sabuwar direba su tafi kai tsaye ga wayoyin fitila, mai wuta da marar wuta.

Inda faifan ya gaza shi ne maganaɗisun. Idan wurin da za a manna shi alminiyam ne ko roba ba ya kamawa sam, in ƙarfe ne ma girgizar fanka tana gusar da shi a hankali. A ɗaure shi da sukurori biyu.

Idan bayan haka fitilar tana rawa ko tana raguwa yayin da aka rage gudun fanka, laifin waya ne: an bi da wutar fitilar ta cikin regileta. Sai mai gyaran wuta ya ja mata tata wayar daban. A unguwannin da wuta ke zuwa ba ƙarfi, a nemi direba mai rubutun 85–265V.

Sai gilashin kansa. Mai kauri mai launin madara yana shanye haske da yawa, ƙurar hunturu da matattun ƙwari kuma suna taruwa a cikinsa. A wanke shi da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai kafin a mayar.