Karatun Lantarki: Jami'a ko Kwalejin Fasaha? Abin Dubawa Kafin Cike Fom ɗin JAMB

Ɗalibai da yawa suna zaɓar kwalejin kimiyya da fasaha da tunanin ta fi jami'a sauri. A fannin lantarki ba haka lissafin yake ba. Digirin injiniya shekara 5 ne. Ta kwaleji kuwa, shekara 2 ce ta ND (ƙaramar difloma), shekara 1 ta aikin koyo, sannan 2 ta HND (babbar difloma). Biyar ke nan ita ma. Bambancin yana cikin abin da za a koya maka da matsayin da za ka fita da shi.

Ƙofar shiga kusan ɗaya ce: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne za ka rubuta a JAMB. Makin jami'a dai ya fi tsauri.

A jami'o'i irin su ABU Zariya, BUK, ATBU Bauchi ko FUT Minna, shekarar farko kimiyya ce zalla, ta biyu kuma darussa ne na bai-ɗaya ga duk injiniyoyi: zane, aikin hannu a wokshop, ƙarfin ƙarafa. Sai a aji uku ake shiga lantarki gadan-gadan, da nazarin da'irar wutar lantarki, maganaɗisu, injina da taransifoma. A nan ake yawan faɗuwa, kuma dalilin kusan guda ne, wato raunin lissafi. Wanda bai riƙe kalkulas da kyau ba, lissafin Laplace da na Fourier za su yi masa tsaye a wuya, ya riƙa jan darasi ɗaya shekara biyu. In dai da ƙyar ka tsallake Lissafi a sakandare, ka yi wa kanka adalci tun yanzu.

Kwaleji, kamar ta Kaduna, ta Hassan Usman Katsina ko Ramat ta Maiduguri, tun zangon farko take sa ɗalibi ya riƙe filaya. Wayarin gida, haɗa allon rarraba wuta, naɗin wayar injin lantarki, gano inda wayoyi suka haɗu wuta ta yi shot. A HND sai ka zaɓi ɓangare, ko wuta da injina, ko na'urori da sadarwa. Mai ND yana iya kama aikin sola ko wayarin ya ci abinci tun bai gama ba, abin da ɗan aji biyu a jami'a bai cika iyawa ba.

Amma ga inda ya kamata a tsaya a yi tunani. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar masu wannan sana'a, kuma mai digiri ne take ba matsayin injiniya. Mai HND matsayin masanin fasaha yake samu, sai ya ƙara karatun PGD, wato diflomar gaba da digiri, kafin ya nemi na injiniya. Wanda burinsa tsara tashar wuta da sa hannu a kan zane, jami'a ce tasa. Akwai gada a tsakani: mai ND da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar kwas ɗin kansa yana da amincewa, ba makarantar kawai ba. Hukumar jami'o'i ta ƙasa (NUC) ce ke duba na jami'a, hukumar ilimin fasaha (NBTE) da ke Kaduna na kwaleji, COREN kuma duka biyun. Kwas marar amincewa yana jawo tangarɗa wajen rajista daga baya. Karatun wucin gadi (part-time) kuma ba ya kai mutum bautar ƙasa.

Sai a je da ƙafa a leƙa ɗakin gwaji. A tambayi 'yan ajin ƙarshe: mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya? Injinan suna tashi, ko an lulluɓe su ƙura ta rufe? Inda ɗalibi ashirin ke kewaye da teburi guda, biyu ne ke taɓa waya, sauran kwafar rahoto suke yi.

Aikin koyo na SIWES, wato tura ɗalibai wuraren aiki su ga sana'ar a aikace, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara a 1973, wata shida ne a aji huɗu na jami'a, wata huɗu kuma bayan shekarar farko ta ND. Wurin da ka samu shi ne rabin amfaninsa. A tashar TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ta Kumbotso a Kano ko ta Mando a Kaduna za ka ga yadda ake sauko da ƙarfin wuta daga 330kV zuwa 132kV. A kamfanonin rarraba wuta irin KEDCO na Kano ko Kaduna Electric kuwa, layin 33kV da 11kV ne da taransifomar unguwa mai ba da 415V. Masana'anta tana koya injina da allon sarrafawa. Don haka makarantar da ke kusa da irin waɗannan wurare ta fi, domin kuɗin haya da na mota na wata shida a wani gari ba ƙaramin nauyi ba ne. A fara kai takardar neman gurbi watanni kafin lokaci. Mai jinkiri a ofis yake ƙarewa yana jera fayil.

A cike littafin aiki kullum, da zanen abin da aka gani, mai kula ya sa hannu kowane mako, kuma kada a bar Fom 8, wato takardar ITF ta kammala aikin koyo, sai ranar tafiya. Takalmin kariya, hular kwano, testa da mita ta awon wuta, gara a saye su kafin ranar farko, don wasu tashoshin ba sa barin ɗalibi ya shiga filin injina babu takalmin.