Bayan Naruto da Death Note, Wanne Ya Cancanci Datarka?

A Bauchi hanya biyu ake bi a sami anime, wato fina-finan zane na Japan. Wasu data suke saye su kalla a Crunchyroll ko Netflix, wasu kuma masu turi suke miƙa wa waya a cika musu memori, ko a Wunti ko a shagunan Yalwa inda ɗaliban jami'ar ATBU suke. Duk wadda ka bi kuɗi ne zai fita, lokacinka kuma ya fi kuɗin tsada. Mai turi abin da ya fi fita a shagonsa zai ba ka, abokinka kuma abin da shi ya burge shi. Kafin ka zaɓa, ka tambayi kanka me ya riƙe ka a wanda ka gama, sannan ka tambayi kashi nawa ne sabon.

Mafi yawanmu ta Naruto muka shigo. Na farkon kashi 220 ne, ci gabansa Shippuden kuma 500, jimilla 720, kuma da yawa daga ciki cikon benci ne da babu su a littafin Masashi Kishimoto, wanda daga shi aka ɗauko labarin. Wanda ya jure wannan za a ce masa ya wuce One Piece kai tsaye. Ni ban ba da wannan shawarar da sauri ba. One Piece tun 1999 ake haska shi, ya haura kashi 1,100, kuma har yau bai ƙare ba. Labari ne mai kyau, akwai dariya da amana tsakanin abokai, amma ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ko mai shagon da sai dare yake samun kansa, shekara zai yi bai kamo ba.

Idan abin da ka so a Naruto shi ne yaro yana horo, yana faɗuwa yana tashi, ana faɗa da dabara ba ƙarfi kaɗai ba, Hunter x Hunter na 2011 ne naka. Kamfanin Madhouse ya yi shi, kashi 148. Jarumin, Gon, ya bar tsibirinsu neman mahaifinsa, ya haɗu da Killua wanda ya tashi a gidan masu kisan haya. Farkonsa kamar na yara yake, kada hakan ya ruɗe ka, domin idan aka kai zangon Chimera Ant labarin yana yin nauyi ƙwarai. Tsarin ƙarfin da ake kira Nen yana da ƙa'idojin da marubucin ba ya karyawa don jarumi ya ci nasara, abin da ba za a faɗa game da ƙarshen Shippuden ba. Ka tabbatar na 2011 aka tura maka, don akwai wani tsoho na 1999.

Amma da mutum zai ce guda ɗaya tak zai iya ɗauka, Fullmetal Alchemist: Brotherhood zan nuna masa. Kashi 64 ne, an fara shi a 2009 an gama a 2010, labarin kuma ya rufe tsaf. Wa da ƙani, Edward da Alphonse, suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Wan ya rasa ƙafa da hannu, ƙanin ya rasa jikinsa gaba ɗaya. Daga nan aka shiga batun sojoji, da kisan kiyashi, da shugabannin da ke sayar da talakawansu. Cikin sa'a 26 ko ƙasa da haka ka gama. Nan ma akwai tarko: na 2003 mai kashi 51 sunansa kusan ɗaya, amma daga tsakiya ya rabu da littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ya kama hanyarsa. Ka duba kalmar Brotherhood a jikin fayil ɗin.

Demon Slayer na 2019 da Jujutsu Kaisen na 2020 don ido aka yi su. Zanen faɗansu ya fi na duk waɗanda na ambata, sai dai a ƙaramar waya da hoto mai rauni rabin daɗin ya tafi, hoto mai kyau kuma memori yake ci. Black Clover, kashi 170, shi ya fi kama da Naruto a zubi, in dai za ka iya jure ihun jaruminsa Asta a farko.

Masu Death Note wani jinsi ne daban. Su ba naushi suke nema ba, wasan ƙwaƙwalwa tsakanin Light da L ne ya hana su barci, kashi 37 kuma suka ƙare musu da wuri. Code Geass, kashi 50 a zango biyu, shi ne mafi kusa. Jaruminsa Lelouch, kamar Light, ya sami ikon da bai kamata mutum ya riƙe ba, ya kuma ɗauka shi kaɗai zai gyara duniya. Akwai manyan mutum-mutumin yaƙi da shirmen makaranta a ciki, da wasu shigar mata da ba za ka so ƙannenka su leƙo ba. Monster ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. Likita ne ɗan Japan, Tenma, yana aiki a Jamus, ya zaɓi ceton ran wani yaro maimakon magajin gari, yaron kuma ya girma ya zama makashi. Babu tsafi, babu aljanu, kashi 74 ne masu tafiyar hawainiya. Mai gaggawa ya bar shi. Wanda ya saba da karatun littafi mai kauri ba zai yi da-na-sani ba.

Wanda ya gama Attack on Titan, wanda aka fara a 2013 aka rufe a 2023, Vinland Saga ya kamata ya nema. Kamfanin Wit Studio, da ya yi zango uku na farkon Attack on Titan, shi ya yi zangon farko na Vinland Saga a 2019. Thorfinn yaro ne cikin mayaƙan Viking, yana bin wanda ya kashe mahaifinsa don ɗaukar fansa. Zango na biyu, na 2023, ya mayar da shi bawa a gona yana sare itatuwa yana noman alkama, kuma nan ne mutane da yawa suke ajiye shi. A ganina nan ne ma labarin ya kai inda yake son zuwa. Jini dai akwai shi da yawa a duka biyun.

Ga masu zuwa filin wasa kallon Wikki Tourists, Blue Lock na 2022 ya tara 'yan gaba 300 ana tankaɗe don a fitar da guda, son kai ne aƙidarsa. Ao Ashi, shi ma na 2022, ya fi kusa da ƙwallon gaske, har za ka fahimci aikin ɗan baya na gefe. Haikyu!! kuwa ƙwallon raga ne, kuma cikin duk waɗannan shi ne wanda zan kunna a falo yara na zaune ban riƙe rimot ba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya kuɗin zango guda lokaci ɗaya. Ka ce a tura maka kashi uku, ka buɗe su nan a shagon. Ka ji ko muryar Turanci ce ko ta Japananci mai rubutun fassara a ƙasa, ka ga ko rubutun yana fitowa a wayarka kuma yana tafiya daidai da magana. Idan za ka saya gaba ɗaya, ka ƙirga lambobin, domin ba abin mamaki ba ne ka je gida ka tarar daga 11 an tsallaka zuwa 13.