Cikin Katsina ko Daura: ina za a kai baƙin yini ɗaya?

Hajiya, kin ce ƙaninki zai zo daga Zariya da iyalinsa, yara huɗu, kuma Asabar ɗaya tak gare su. Kina tambaya ko ki zaga da su cikin Katsina ko ku kama hanyar Daura. Na sha kai baƙi duka biyun, ga yadda na same su.

Idan abin kallo ake nema, cikin gari ya fi, kuma ba a ƙona mai. A fara da Hasumiyar Gobarau tun rana ba ta yi zafi ba. Ginin ƙasa ce, tsawonta kusan mita 15, ragowar babban masallacin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma tun 1959 tana cikin kayan tarihin da gwamnati ta keɓe. A hoto sai ka raina ta. Sai ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, ka dafa bangon ka ji sanyin ƙasar a tafin hannunka, sannan za ka yarda cewa magabata sun san gini. Matakalarta ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya haƙura ya zauna a ƙasa, yara kuma a riƙe hannunsu.

Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. Gwamna Clifford ne ya buɗe ta a 1922, kuma a waɗannan azuzuwan ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna suna ɗalibai. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Tunda baƙinki daga can suke, ki nuna musu inda aka binne cibiyar makarantar da suke tinƙaho da ita. Sauran kuwa a mota ma sun wadatar: Ƙofar Soro da gaban Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, Ƙofar 'Yanɗaka inda Lugga ya shigo garin a 1903, sai ziyarar kabarin Wali Ɗan Marina ga manya. Kafin la'asar kun koma gida, tuwo bai huce ba.

Daura fa daban ce. Tafiyar kusan kilomita 80 ce ta Mashi, awa ɗaya da 'yan mintoci idan mota lafiyarta lau. Abin da za ku je gani kuma, in faɗa miki gaskiya, rijiya ce guda ɗaya a cikin ɗaki. Wani abokina da na taɓa kaiwa ya leƙa rijiyar, wadda ake kira Kusugu, ya juyo ya ce da ni, "Ita ke nan?" Laifina ne, ban ba shi labarin ba kafin mu isa.

Da na kai 'ya'yan yayata sai na canja dabara. Tun daga fita gari na fara: yadda Bayajidda ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ai ba a ɗiba sai Juma'a, saboda macijin nan da ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar, ya sare kan macijin, da safe gari ya ɗauka, Magajiya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga tsatsonsu aka samu Hausa Bakwai. A Mashi na tsaya da labarin daidai inda macijin ya kama guga, na ce sai an sha fura. Ba su bar ni na gama shan tawa ba. Da muka isa, aka ja ruwan aka miƙa musu, ƙaramar cikinsu ta ƙi sha sai da ta leƙa ta tabbatar babu komai a ciki. Daga baya ita ce ta cika gora ta kai wa kakarta. Mutanen gari suna cewa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma masu kula da wurin za su ƙara muku bayani, a riƙe musu ɗan abin goro.

Bayan rijiya akwai ƙofar fadar Sarkin Daura, a tsaya a ɗauki hoto daga waje. Daura ta fi armashi lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, ranar da dawakai da 'yan bindigar sarki suke cika gari. Kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ma abin gani ce, sai dai Lahadi take ci, baƙinki kuwa sun tafi.

Kada ki ce za ki haɗa biyun a yini ɗaya. Na gwada, taya ta yi faci a hanya, muka isa rijiya yara duk sun yi barci, muka dawo bayan isha'i kowa yana fushi da kowa. Wani zai kawo miki shawarar madatsar ruwan Jibiya ko ta Zobe. Ni dai da yanayin tsaron waɗancan yankuna ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in nufi can ba.

Da manya ne zalla, ko akwai tsohuwa a tafiyar, da na ce ku tsaya cikin gari. Amma yara huɗu masu shekarun firamare, sun ji sunan Bayajidda a aji ba su taɓa ganin rijiyarsa ba, ni Daura zan kai su. Ku fita da ƙarfe bakwai, ku duba tayar safaya, ku ɗauki goruna biyu wofi saboda ruwan Kusugu, ku kamo hanyar dawowa da an idar da azahar. Idan rana ta yi sanyi kuma yaran da sauran ƙarfi, Gobarau tana nan kusa da gida, minti talatin sun ishe ku.