Shafin IReV na Hukumar Zaɓe: ina ya yi amfani, ina ya gaza

Shafin duba sakamakon zaɓe na Hukumar INEC, wanda aka fi sani da IReV, hidima ce da hukumar ta buɗe wa jama'a kyauta a intanet, domin duk mai waya ko kwamfuta ya ga hoton takardar sakamakon kowace rumfar zaɓe kamar yadda jami'in rumfar ya cike ta, wakilan jam'iyyu kuma suka sa mata hannu. An fara gwada shi ne a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya, ta majalisar dokokin jihar Nasarawa, a watan Agustan 2020, daga nan aka yi aiki da shi a zaɓukan gwamnan Edo da Ondo a wannan shekarar, sai Anambra a 2021, sai Ekiti da Osun a 2022. Amma babban zaɓen 2023 ne ya ɗora masa kayan da za a iya auna ƙarfinsa da su.

Amfani da shi ba shi da wuya ga wanda yake karanta Turanci, domin da Turanci aka tsara shi, kuma wannan ma abin gyara ne a ƙasar da miliyoyin masu jefa ƙuri'a Hausa suke karantawa. Mai dubawa zai zaɓi irin zaɓen da yake nema, sannan jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, har ya iso rumfarsa, inda zai tarar da hoton takardar da ake kira EC8A. Jami'in rumfa ne yake ɗaukar hoton da na'urar BVAS, wato wadda aka tantance masu zaɓe da ita ta zanen yatsa ko ta fuska, ya tura shi bayan an gama ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a. Duk wanda ya san zaɓen Nijeriya ya san cewa ba a rumfa aka fi yin aringizo ba, a tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ne lambobi suke canza kama, don haka ajiye hoton takardar asali a inda kowa zai gani ba ƙaramin ci gaba ba ne. Wakilin jam'iyyar da ya riƙe kwafinsa yana iya gwada shi da abin da ke shafin, in an sami bambanci ya san inda zai nufa. Wannan yabo hukumar ta cancance shi, kuma babu dalilin rage mata shi.

Sai dai abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya zubar da kaso mai yawa na amincewar da aka gina cikin shekara biyu da rabi. A wannan rana an yi zaɓen shugaban ƙasa tare da na 'yan majalisar dattawa da ta wakilai, a rumfuna ɗaya, da na'urori ɗaya, a hannun jami'ai ɗaya. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi, har sai da dare ya yi kafin takarda ta farko ta bayyana, kuma lokacin da shugaban hukumar na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara da asubahin 1 ga Maris, da ƙuri'a 8,794,726, ba a kammala ɗora takardun rumfuna ba. A rahoton da ta fitar daga baya, hukumar ta ce kuskuren tsari ne: an gina manhajar ne a kan cewa kowane zaɓe yana ƙarƙashin wata jiha, alhali zaɓen shugaban ƙasa mazaɓa ɗaya ce tak da ta haɗa ƙasar baki ɗaya, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardunsa. Ko mutum ya karɓi wannan bayani ko bai karɓa ba, yana da wuya a yafe wa hukumar da ta san ranar zaɓen tun da daɗewa a ce ba ta gwada wannan ba kafin ranar.

Bayanin hukumar, ba tare da ta nufa ba, ya taɓo muhawarar da ake yi a kan tsarin mulki. A tsarin firaminista, irin wanda Nijeriya ta bi daga 1960 zuwa 1966 lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa, babu wani zaɓe guda na ƙasa baki ɗaya. Kowace mazaɓa tana zaɓen ɗan majalisarta, jam'iyyar da ta haɗa rinjaye ta kafa gwamnati. Haka Birtaniya take yi da mazaɓunta 650, inda ake shelanta kowane sakamako a mazaɓarsa, a wuce wurin. Da a irin wannan tsari IReV yake aiki, da aikin mai bin diddigi ya yi sauƙi, domin in aka raba rumfuna 176,606 da aka yi zaɓe a cikinsu a 2023 ga mazaɓun majalisar wakilai 360, kowace za ta tashi da kusan 490, adadin da mutum biyar masu himma za su iya tattarawa a yini ɗaya. A tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, wanda aka ɗauko a 1979, dole ne a haɗa dukkan takardun nan wuri ɗaya, sannan a tabbatar wanda ke kan gaba ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. 'Yan majalisar wakilai sittin da suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista a Fabrairun 2024 sun fi kafa hujja da tsadar mulki da yawan ikon da ke hannun mutum ɗaya, amma wannan hujja ta sauƙin tantance zaɓe ma tana gefensu. Duk da haka bai kamata a manta da zaɓen tarayya na 1964 da na Jihar Yamma na 1965 ba, waɗanda a ƙarƙashin tsarin firaminista aka yi su, kuma maguɗin da aka yi zargi a cikinsu yana daga cikin abin da ya share wa sojoji hanya a Janairun 1966.

Babban raunin shafin, a ganina, shi ne hotuna kawai yake bayarwa, ba ya haɗa lissafi. Ba ya faɗa wa mai dubawa jimillar ƙuri'un gunduma ko ta ƙaramar hukuma, balle ta jiha, sai dai mutum ya buɗe takarda bayan takarda yana rubutawa da hannunsa, ga cin data, ga kuma hotunan da masu sa ido suka yi ta ƙorafi a kansu a 2023, wasu sun dushe ba sa karantuwa, wasu na wata rumfar ne daban. Kenya ma hotuna ta ɗora a zaɓenta na 2022, amma rumfunanta ba su kai dubu hamsin ba, kuma kusan dukkan takardun sun hau da wuri, har kafofin yaɗa labarai suka fara nasu lissafin kafin hukumar zaɓen ƙasar ta yi sanarwa. Saurin ɗorawa ne ya ba wa shafin Kenya daraja, shi ne kuwa IReV ya rasa a ranar da aka fi bukatarsa.

Akwai kuma matsayinsa a gaban shari'a. A hukuncin da ta yanke ranar 26 ga Oktoban 2023, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa, a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, IReV ba hanyar tattara sakamako ba ce, wurin dubawa ne kawai, don haka gazawarsa ba ta isa ta rushe zaɓe ba. Shari'ar gwamnan Kano ta nuna wata iyakar ta daban. A zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris 2023 shafin ya yi aiki fiye da yadda ya yi a Fabrairu, amma rigimar da ta biyo baya a kan takardun ƙuri'a 165,663 ce, waɗanda kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba Kabir Yusuf bisa cewa ba su da hatimi da sa hannu, kafin Kotun Ƙoli ta mayar masa da su a Janairun 2024. Takardar ƙuri'a kuwa ba ta hawa IReV, kamar yadda sayen ƙuri'a da tsoratar da masu zaɓe ba sa bayyana a cikinsa.

Ga wakilin jam'iyya, ko ɗan jarida, ko mai neman kujerar majalisar jiha ko ta tarayya da yake so ya bi sawun ƙuri'unsa rumfa-rumfa, shafin ya cancanci a buɗe shi tun daren zaɓe, a sauke hotunan a adana kafin a je cibiyar tattara sakamako. Ga wanda yake so ya tabbatar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da kansa kuwa, shafin bai kai can ba tukuna, sai hukumar ta ƙara masa lissafin lambobi a gefen kowane hoto, ta kuma kammala ɗora takardu kafin ta yi sanarwa.